Ranar da Na Janyo Kawuna Daga Kan Tsani

Ni matsoraci ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin wuta a Kafanchan a ƙarƙashin Kawu Ayuba, yayan mahaifiyata, wanda ya ɗauko ni daga Manchok bayan rasuwarta ya koya mini sana'a. Har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ban daina sa tasta, abin gwada wuta, sau uku a waya ɗaya ba. Shi kuwa Kawu bai san wani abu wai shi tsoro ba. In aka kira mu waya ta tsinke a kan falwaya, dubawarsa uku ce: ya leƙa ƙwan shagon mai aski ya ga a mace yake, ya kasa kunne ya ji janareto sun tashi a unguwa, ya matsa kusa da taransifoma ya ji ta daina gurnani. Shi ke nan, sai ya ɗan bugi wayar da bayan hannu ya kama aiki. A garin da wuta kan yi kwana huɗu ba ta leƙo ba, wannan dabara ta yi masa shekara talatin ba ta ci amanarsa ba.

Da wani ɗan kwangila mai suna Filis ya zo da labarin aikin wayoyin otal a Abijan, ni na so in ƙi. Kawu ne ya amsa mana mu biyu, kuma a wurinmu ɗan ƙanwa ba ya musu da kawunsa, balle ya ɗaga masa murya ko ya sa masa hannu. Matarsa, Mama Saratu, ta ja ni bayan rumbu ta cusa mini ƙullin busasshiyar citta a jaka.

"Ishaya, kawunka bai san tsoro ba, kai ka sani," in ji ta. "Ka dawo mini da shi da hannunsa biyu."

Na ce to. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba sai da muka yi nisa.

A Kwatano na fara gane cewa na zama kurma kuma bebe. Daga ƙetare iyaka Turancina na makarantar sakandare ya daina aiki, Hausa ta daina aiki, yarenmu kuwa sai ni da Kawu. A kowane shinge jandarma zai leƙo mota ya yi magana, Filis ya amsa, mu kuma mu yi ta murmushi kamar waɗanda aka kama da akuyar mutane. Wani ya zazzage jakata ya shinshina cittar Mama Saratu ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina ta addu'a a zuci. Kawu ya yi ta dariyata har Lome, yana cewa da jandarman ya yi tari da na suma.

A tashar motar Abijan dariyar ta ƙare. Filis ya ce mu zauna a benci, zai kai akwatin kayan aikinmu wurin masu otal su duba, ya dawo da mota. A cikin akwatin nan akwai filaya da sifana da bel ɗin hawa da Kawu ya tara tun kafin a haife ni, kowanne ya ɗaure masa jan ƙyalle a mariƙi. Muka zauna daga hantsi har rana ta yi sanyi. Wayar Filis ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Kawu bai zagi kowa ba. Ya dai ci gaba da duban tafin hannunsa, kuma a ranar na fara ganin tsufa a fuskarsa.

Wata mai sayar da shinkafa da wake a bakin tashar ce ta ji ina ce wa Kawu da Hausa ya daure ya sha ruwa. Ta ɗago ta ce, "Bayin Allah, daga ina?" A gida Hausa yaren kasuwa ne a wurina da na coci, ban taɓa ɗaukarta abin kewa ba. Ran nan da na ji ta a bakin baƙuwa, hawaye suka zubo mini a gaban mutane, ba kunya. Hajiya ake ce mata, iyayenta daga Nijar suka zo. Ba ta tambayi addininmu ba, ko da ta ji sunayenmu. Ta zuba mana abinci, ta bar mu muka yi mako muna kwana a rumfarta muna ɗebo mata ruwa. Ita ce ta haɗa mu da wani direban babbar mota da ke kai siminti arewacin ƙasar, inda ake faɗaɗa wata tashar wuta ana neman leburori.

Tun daga nesa na hango tashar, a tsakiyar gonakin kashu, ba gida ko ɗaya kusa. Manyan turakun ƙarfe sun jero daga bayan tudu ɗauke da layi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka shige cikin wani fili da aka kewaye da waya. Ni da nake ganin na san taransifoma, wadda na sani ita ce ta bakin kasuwa da awaki ke kwana a gindinta. Waɗannan kowacce ta fi ɗakina da na Kawu a haɗe. Kuma gurnaninsu ba a kunne kaɗai yake tsayawa ba, har a haƙora ake jinsa. Da safe in akwai raɓa, wayoyin sama su yi ta ƙas-ƙas, gashin hannuna ya miƙe. Na tsaya a ƙofa na yi addu'a a zuci, na kuma roƙi Ubangiji gafarar zunuban da ban ma tuna da su ba.

Aikin da aka ba mu shi ne tura baro da baza tsakuwa. Fomen ɗin bai damu da sunayenmu ba, mu biyu "Najeriya" yake kiranmu, ya nuna shebur da yatsa. Amma akwai wani ma'aikacin tashar, Isaka, haifaffen zangon Kumasi, mai Hausa irin tasu. Shi ne ke riƙe da makullai da dogayen sandunan aiki, kuma shi ya tausaya mana. Da ya ga yadda nake tafiya a sunkuye ina kare kai da hannu, sai ya ce in zan ji tsoro in ji shi da ilimi. A lokacin hutun rana ya zagaya da ni, Kawu yana binmu a baya da hannu a aljihu, wai shi iska yake sha.

Isaka ya ce wutar da ke zuwa daga inda ake samar da ita, dole a ɗaga ƙarfinta sosai kafin ta kama doguwar hanya, in ba haka ba rabi zai lalace a waya ya zama zafi. To amma da wannan ƙarfi ba ta shiga gidan kowa, domin ta fi ta soket ɗinmu sau ɗaruruwa. Aikin tasha shi ne ta karɓe ta, taransifoma ta sauke ƙarfin, sannan a rarraba ta layi-layi zuwa garuruwa, can kuma ƙananan taransifomomi su ƙara saukewa. Sai na tuna mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan yadda tsofaffi ke ba da labarinta, jirgi ya shigo ta hanya ɗaya a karkatar da shi ta wata. Ya nuna mini bireka, babban makunnin da ke yanke wuta da kansa in bishiya ta faɗo wa layi ko aradu ta sauka, don kada matsalar ƙauye ɗaya ta kashe wa rabin ƙasa wuta. Ya nuna mini wasu hannuwan ƙarfe da suke kira wuƙa, waɗanda ake buɗewa bayan an kashe bireka, don ido ya ga rata a fili. Har tsakuwar da muke bazawa ashe ba ado ba ce. A ƙarƙashinta an shimfiɗa ragar jan ƙarfe mai kwashe wuta zuwa ƙasa in ta ɓalle, ita kuma tsakuwar tana tsare tafin ƙafar mutum.

Daga nan ya kawo mu kan abin da ya fi ba ni tsoro. Ya ce a nan ba a cewa layi ya mutu don an kashe shi. Sai an kashe bireka, an buɗe wuƙa, an sa mata kwaɗo, an gwada da sanda, sannan a ɗaure layin da ƙasa da wata kakkaurar waya mai maƙalli, a kuma ba ka takardar izini a hannu. Dalili kuwa, layi biyu in suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan turaku ɗaya, mai rai yana tsiyaya wa wanda aka kashe ko da ba su taɓa juna ba, kuma abin da ya taru ya isa ya kashe ƙato. Wayar ƙasar ce ke zubar da shi.

Kawu ya yi tsaki daga bayanmu. Ya ce da yarenmu, don kada Isaka ya ji, wai wayar da ba ta taɓa waya ba ta yaya za ta ba ta wuta, ko gaisawa suke ta iska. Ya ce masu takarda ne ke ƙirƙiro irin wannan don su riƙa cin albashi a inuwa. Ban amsa ba, domin ba a amsa wa Kawu. Amma daga ranar idona bai ƙara barin bayansa ba, har baro na sha kifarwa saboda waiwaye.

Wata biyu muka yi a haka. Ran Lahadi mukan taka zuwa wani ƙaramin coci a ƙauyen kusa, mu zauna a baya, ba abin da muke ganewa sai Amin. A hanyar dawowa Kawu kan rera waƙar sujada ta Hausa a hankali, ni ina kama masa. Matata Rifkatu in ta kira sai ta ce an fara haƙar citta, ko ta ce hazo ya rufe dutsen Kagoro da safe. Mama Saratu ba ta taɓa tambayata aiki ba. Kullum abu ɗaya take tambaya, ko kawuna yana jin magana, ni kuma in yi mata ƙarya.

Gaskiyar ita ce turin baro yana cin Kawu a rai. Mutumin da in ya ratsa kasuwar Kafanchan ake ta kiran Oga Ayuba ta ko'ina, ga shi yara sa'o'ina suna nuna masa inda zai juye tsakuwa. Wata rana ya je wurin fomen yana nuna ƙirjinsa yana nuna sama, yana kwaikwayon ɗaure ƙusa, don a gane shi ma'aikacin layi ne. Fomen ya kalle shi daga hula har takalmi, ya ɗauko shebur ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. Duk wurin aka fashe da dariya. Ran nan Kawu bai ci abinci ba.

Washegari aka kashe layin hagu don a haɗa shi da sabon ɓangaren da muka gina. Taransifomar da ke wannan gefen ta yi shiru, karo na farko tun zuwanmu, har shirun ya yi mini nauyi a kunne. Layin dama kuwa yana nan da ransa, shi ke riƙe da garuruwa. An buɗe wuƙa an sa kwaɗo, an kewaye wurin da jar igiya, Isaka ya tafi ofis karɓo takarda da wayar ƙasa. Wanda zai kwance ƙusoshin mahaɗin layin bai iso ba, fomen yana can bakin ƙofa yana faɗa a waya. Ga tsani a kwance, ga sifana a kan buhu.

Na ga Kawu ya ajiye shebur. Ya karkata kai yana saurare, irin karkatawar da na sani tun ina saurayi.

"Ishaya, ka ji wani ƙara?" ya ce. "Taransifoma ya yi shiru. Wutan ya tafi. Minti biyar zan kwance abin nan, su san ko waye Ayuba."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri Isaka ya zo."

Ko kallona bai yi ba. Ya tsallake igiyar, ya jingina tsani, ya soke sifana a aljihun baya. Na sake cewa Kawu, amma muryar ko ni da kyar na ji ta. Na duba ofis, ba kowa. Sauran leburori suna nesa, kuma ko na yi ihu ba su san me nake faɗa ba. Ya taka matakala ta farko, ta biyu, ta uku. Ni fa tun zuwana ban taɓa kusantar jar igiya ba, ko inuwarta ba na takawa. A mataki na shida na ga ya saki tsani da hannun dama, ya juya bayan hannun sama zai ɗan bugi ƙarfen yadda ya saba.

Ban san lokacin da na tsallake ba. Na dai ji ƙafarsa a ƙirjina, na rungume ta na jefa kaina baya da duk nauyina. Muka zubo tare a kan tsakuwa, tsanin ya bi gefe ya faɗi. Hularsa ta gangara, goshinsa ya fashe, leɓena ya tsage. Mutane suka sheƙo a guje. Kawu ya miƙe a hankali, ya dube ni, ya dubi baƙin da suka kewaye mu, sannan ya kwaɗa mini mari. Tun da ya ɗauko ni daga Manchok bai taɓa dukana ba.

"Ni ka ja a ƙasa?" ya ce. "A gaban mutane?"

Na durƙusa a wurin. Ya koma gefe ya zauna a kan baro ya ba mu baya.

Isaka ya iso da wayar a kafaɗa. Ya dubi tsanin, ya dube mu. Ya kori kowa bayan igiya, ya sa safar hannu, ya gwada da sanda, ya ɗaure gindin wayar a ƙarfen ƙasa tukuna, sannan ya ɗaga maƙallin a kan doguwar sanda zuwa daidai inda hannun Kawu ya nufa. Saura kaɗan ya taɓa, sai wata shuɗiyar wuta ta yi tsalle ta tarye shi, da ƙara kamar an karya busasshen kara. Ƙaramar aba ce, da ka ƙifta ido ba ka gan ta ba. Na juya na kwara amai. Kawu bai waiwayo ba, amma na ga kafaɗunsa sun zabura.

A ranar aka sallame mu, mu biyu, don mun tsallake igiya ba takarda. Isaka ya roƙa mana bai yi nasara ba. Shi ya wanke wa Kawu goshi, ya samo mana wuri a motar da ke komawa kudu, ya sayo mana burodi. Na ba shi ragowar cittar Mama Saratu, don ba ni da wani abin da ya fi ta. Da zan hau mota ya riƙe hannuna ya ce kada in yarda kowa ya raba ni da tsoron nan nawa.

Kwana shida muka yi a hanya, Kawu bai ce mini uffan ba. In na miƙa masa ruwa ya karɓa, in na yi magana ya dubi taga. Muka wuce Legas, muka wuce Jere, muka shigo ƙasarmu ana ta shanya citta a bakin titi, duk bai buɗe baki ba. Na dawo da shi da hannunsa biyu, amma na san na rasa shi, kuma wannan ya fi marin ciwo. Mama Saratu ta kama hannuwansa tana jujjuyawa tana godiya ga Yesu, ta dubi tabon goshinsa, ta dubi leɓena.

Mako uku ban taka gidansa ba. A coci yakan zauna gaba da dattawa, ni in fice kafin a gama gaisawa. Na fara tunanin neman aikin gadi. Sai wata safiya Mama Saratu ta zo da kanta ta ce kawuna yana jirana a hanyar Kagoro, waya ta tsinke a bayan wani injin niƙa.

Na tafi ina jin tsoro kamar ranar da na fara ganin tashar wutar nan. Kwana uku ba wuta a garin, janareto suna ta ruri ta kowane lungu, ƙwan shagon mai aski a mace, taransifoma ta yi shiru. Duk alamominsa sun cika. Na same shi tsaye a gindin falwaya, tsani a kwance bai jingina ba, ga wani buhu a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya kwance bakin buhun ya fito da rodi mai tsini, ya buga shi a ƙasa da guduma har ya nutse. Ya fito da kakkaurar wayar jan ƙarfe, sannan ya jawo wata busasshiyar gora daga bayan falwayar. A kanta akwai maƙalli irin na sandar Isaka, aikin mai walda na bakin tashar jirgi, ɗinkin bai yi kyau ba, amma an ɗaure masa jan ƙyalle a mariƙi.

Ya daɗe yana jujjuya gorar a hannu, masu injin niƙa suna kallonmu. Sannan ya miƙo mini ita.

"Ni bayana na juya ranan," ya ce. "Kai ka ga yadda mutumin ya yi. Wanne ake fara ɗaurewa?"

Na karɓa. Na ce, "Na ƙasa, Kawu." Ya tsuguna kusa da ni a gaban mutane, na nuna masa.